Mai Kankare Tsohon Fenti Ma Ya Nuna Takardarsa

Ɗan'uwa mai karatu, in za a yi wa ɗanka allura, ba ka miƙa shi ga duk wanda ka ga ya riƙo sirinji. Kana so ka tabbata an koya masa. In za ka shiga mota zuwa Maraɗi ko Damagaram, hankalinka ya fi kwanciya in ka san direba yana da takardar tuƙi. To, akwai wani aiki da muke bar wa kowa, har yaron gida mukan sa ya yi, alhali kuwa yana iya lalata ƙwaƙwalwar jariri har iyakar ransa. Aikin nan shi ne kankare tsohon fenti daga bango, ko ƙofa, ko taga, ko gadon ƙarfe, kafin a shafa sabo.

Ga maganar da nake so mu duba tare. Wani fenti yana da dalma a cikinsa, dalma kuwa guba ce. Wanda zai duba ko fenti yana da ita, da wanda zai cire shi, ya kamata a koya musu aikin, a jarraba su, a ba su takardar shaida. Kai kuma mai gida, ya kamata ka saba da tambayar wannan takarda. Wasu ƙasashe sun daɗe da yin haka, bayan sun yi hasarar yara da yawa. Ba dole ba ne mu ma sai mun yi irin wannan hasara kafin mu koya.

Wace dalma ake nufi?

Mutane sukan kira tukunyar da ake zubawa da narkakken ƙarfe mara nauyi tukunyar dalma. Ba ita muke magana a kai ba. Dalmar da muke nufi ƙarfe ne mai nauyi, mai taushi, mai launin toka, irin wanda yake cikin batirin mota. Masu yin fenti suna sa ta don launi ya fito rau, don fenti ya bushe da sauri, ko don ya hana tsatsa. An fi samunta a fentin mai, wato mai sheƙi wanda ake sirkawa da fetur ko kananzir, musamman rawaya, ja, ruwan lemo da wani kore. Jan fentin da masu walda suke fara shafa wa ƙarfe saboda tsatsa, shi ma sau da yawa yana da ita. Fentin ruwa da wuya a same ta a cikinsa. Farar ƙasa da jar ƙasa da iyayenmu suke shafe ɗaki da su, ba a zuba musu dalma.

Ido ba ya gane fenti mai dalma, hanci ma ba ya ganewa. Ranar da aka shafa shi, yana manne da bango. Amma rana tana dukansa, damina ta wuce, hunturu ya zo, sai ya fara tsagewa yana ɓamɓarewa. Ƙofa da taga kullum ana buɗewa ana rufewa, suna gogar juna, fentin yana zama gari. Garin nan yana sauka a ƙasa inda yaro yake rarrafe. Yaro ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ɓarɓashin fenti mai dalma yana da ɗan zaƙi, don haka yaron da ya ɗanɗana yakan koma ya ƙara.

Abin da take yi wa yaro

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Cikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba yake tsotsewa. In yaron yana fama da yunwa ko ƙarancin jini, abin ya fi haka. Daga jini sai ta tafi ƙwaƙwalwa, da hanta, da ƙoda, sauran kuma ta kwanta a ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Yarinyar da ta tara dalma a ƙashinta, in ta girma ta yi ciki, dalmar takan fito ta shiga jininta, ta kai ga ɗan da ke cikin.

Mafi yawan yaran da dalma take ci ba sa nuna alamar komai. Sai an sa yaro makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, yana da saurin fushi. A yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. In ta yi yawa sai a ga ciwon ciki, taurin bayan gida, rashin cin abinci, ƙarancin jini da kasala. In ta yi yawa ƙwarai, sai amai, jijjiga, suma, har mutuwa. Alamun nan suna kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, shi ya sa ake iya yin ta magani ba a gano tushen ba. Manya ma ba su tsira ba: takan jawo hawan jini, ciwon ƙoda, rashin ƙarfin wuyan hannu, ɓari ga mata, da raunin haihuwa ga maza.

A shekarar 2020 hukumar UNICEF ta fitar da rahoto cewa kimanin yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har yara miliyan 800, suna da dalma a jini da ta kai awon da ya kamata a tashi tsaye a nemi inda take fitowa. Akwai maganin da yake fitar da dalma daga jini in ta yi yawa sosai. Amma ba ya mayar da basirar da ta riga ta lalace.

An daɗe da sanin wannan

A shekarar 1904 wani likita mai suna Gibson, a birnin Birisban na ƙasar Ostareliya, ya rubuta cewa yaran da ake kawo masa da gubar dalma, daga fentin gidajensu suke samunta. Zafin rana yana mai da fentin shingen baranda gari, yara suna dafawa, suna tsotsar yatsa. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana shafa farin fenti mai dalma a cikin ɗakuna. Nijar, Cadi da Kamaru suna cikin ƙasashen da suka amince da ita bayan samun mulkin kai. Amurka ba ta hana fenti mai dalma a gidajen zama ba sai 1978.

Amma hana sayar da sabo ba ya sauke tsohon da yake bango. A birnin Paris, daga 1985, likitoci suka fara samun yara da yawa masu gubar dalma, mafi yawansu ƴaƴan baƙi ne daga Afirka. Da farko wasu suka ɗora laifin a kan al'adun iyayen. Da aka bincika, sai aka tarar tsofaffin gidajen haya ne da talauci ya cusa su a ciki, bangayensu duk tsohon fenti mai dalma yana zuba. In kana da ɗan'uwa da yake zaune da iyali a Turai ko Amurka cikin tsohon gida, wannan magana ta shafe shi.

Garin gyaran gira

Mutum in ya ji duk wannan, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ɗauki wuƙa da samfefa, wato takardar nan mai kaushi, ya kankare fentin ya huta. A nan babban haɗarin yake. Fentin da yake manne lafiya a bango, bai tsage ba, cutarsa kaɗan ce. Ranar da aka gurza shi a bushe, dalmar da za ta yi shekara ashirin tana zuba kaɗan-kaɗan sai ta cika ɗaki cikin yini ɗaya. In aka ƙona shi da wutar walda, dalmar ta zama hayaƙi, mai aikin ya shaƙa, sauran ya sauka a kan tabarma, da kwanuka, da randar ruwa.

An ga wannan a birnin Baltimo na Amurka. A can, in aka sami yaro da gubar dalma, sai a umarci mai gidan ya cire fentin. Ma'aikata su zo su ƙona, su gurza, su share da tsintsiya, su tafi. Cikin shekarun 1980 masu bincike suka auna ƙurar irin waɗannan gidaje da jinin yaran, kafin aiki da bayan aiki. Suka tarar ƙurar dalma ta ƙaru bayan gyaran, yara da yawa kuma dalmar jininsu ta hau. Garin gyaran gira an rasa ido. Irin wannan darasi ne ya sa aka gane cewa niyya mai kyau ba ta isa ba, sai an koya wa mai aikin.

Yadda ake samun takardar a Amurka

A 1992 majalisar dokokin Amurka ta yi doka a kan fenti mai dalma a gidaje. Daga cikinta hukumar kare muhalli ta ƙasar ta tsara wanda zai yi wane aiki, da irin horon da zai samu. Wasu jihohi suna gudanar da tsarin da kansu, amma ƙa'idarsu ba ta gaza ta tarayya.

Akwai mai dubawa. Shi ne yake bi ɗaki-ɗaki yana auna bango, ƙofa da taga, ya rubuta inda dalma take. Horonsa awa 24 ne, wato kwana uku, daga ciki akwai aikin hannu. Akwai mai auna haɗari, wanda sai ya fara yin horon mai dubawa, sannan ya ƙara awa 16, kuma ya kasance yana da ilimi ko gogewar aiki. Shi ne yake ɗibar ƙura da ƙasa a kai ɗakin gwaji, ya gaya wa mai gida abin da ya fi gaggawa. Akwai ma'aikacin cirewa, horonsa awa 16. Akwai shugaban aiki, horonsa awa 32, kuma sai ya nuna ya taɓa yin aikin gini ko na cire fenti. Mai dubawa, mai auna haɗari da shugaban aiki, bayan jarrabawar makarantar da ta koya musu, sai sun sake zama wata jarrabawa ta hukuma. Takardar ba ta har abada ba ce. Bayan shekara uku mutum zai koma a sabunta masa horo.

Daga watan Afrilu na 2010 aka ƙara wata ƙa'ida domin masu fenti, kafintoci da sauran masu gyaran gida. Duk wanda za a biya shi ya yi gyara a gidan da aka gina kafin 1978, ko makarantar ƙananan yara, in aikin zai taɓa fenti fiye da faɗin ƴar ƙaramar taga a cikin ɗaki, dole kamfaninsa ya yi rajista, kuma a sami mutum a wurin aikin da ya yi horon awa 8. Wannan takarda tana aiki shekara biyar. Dokar tana da haƙora. A 2020 wani babban kamfanin kayan gini, Home Depot, ya amince ya biya tarar fiye da dalar Amurka miliyan 20 saboda ƴan kwangilarsa sun karya wannan ƙa'ida.

A Faransa kuma, gidan da aka gina kafin 1949 ba a sayar da shi ko a ba da hayarsa sai mai dubawa da yake da takardar shaida ya auna fentin, ya rubuta rahoto, an ba mai saye ko ɗan haya. Likitan da ya sami yaro da gubar dalma, wajibi ne ya sanar da hukumar lafiya don a je a duba gidan.

Ka lura da abu ɗaya. Horon nan ba na shekaru ba ne. Kwana ɗaya ne, ko biyu, ko uku, ko huɗu. Ba ya bukatar digiri ga ma'aikaci. Mai fenti na garinku da ya iya sana'arsa zai iya koyonsa.

Me ake koya musu?

Mai dubawa yana koyon aiki da wata na'urar hannu da ake ɗora wa bango, cikin ƴan daƙiƙoƙi ta nuna yawan dalmar da take wurin, ko da an shafa sabon fenti sau uku a kan tsohon. Yana koyon yanko ɗan ɓarɓashin fenti har zuwa jikin bango, ya sa a leda, ya rubuta inda ya ɗebo, ya aika ɗakin gwaji. Akwai kuma ɗan tsinken gwaji mai araha da yake canja launi in ya taɓa dalma, amma yana iya yin kuskure, don haka ana koya masa iyakar abin da zai dogara da shi.

Ma'aikaci kuma yana koyon cewa kankarewa ba ita ce hanya ta farko ba. Wani lokaci a cire ƙofar ko tagar ɗungurungum a sa wata. Wani lokaci a rufe bangon da sabon shafe ko katako. In dole sai an kankare, ga yadda ake yi. A fitar da yara da mata masu ciki daga gidan har a gama. A kwashe kayan ɗaki, abin da bai ɗauku ba a lulluɓe shi. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a toshe ƙofa da ita. A yayyafa wa fentin ruwa kafin a kankara, don kada ƙura ta tashi. Ba a ƙonawa da wuta. Ba a gurzawa da inji sai mai matatar da take kama ƙura. Mai aiki ya sa abin rufe hanci na musamman, domin ƙyalle ko rawani ba sa tare wannan ƙura. Ba ya cin abinci, ba ya cin goro, ba ya shan taba a wurin aiki. In ya tashi, ya tuɓe kayan aiki a can, ya yi wanka kafin ya je gida ya ɗauki ɗansa. Ɓarɓashin a naɗe shi cikin ledar, a ɗaure, a kai inda hukuma ta keɓe. A goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma daga sama zuwa ƙasa. Daga ƙarshe wani dabam, ba wanda ya yi aikin ba, ya zo ya auna ƙurar da ta rage kafin iyali su dawo.

Duba wannan jeri, ka gwada shi da yadda ake gyaran ɗakin amarya ko ajin makaranta a garinku. Za ka ga bambancin.

Darasi daga Zamfara

Maƙwabtanmu sun ga abin da dalma take yi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara ta Nijeriya, irin su Dareta da Ƴargalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dalilin a can ba fenti ba ne, duwatsun zinariya ne masu dalma da ake daka su da niƙa su a cikin gidaje. Amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ma ɗaya ce: ƙura, hannu, baki.

Abin koyi shi ne yadda aka yi gyaran. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani ya koma gidan da ƙasarsa take cike da dalma, sai an fara tsabtace gidan. Ƙwararru daga waje suka koya wa mutanen yankin aikin. Aka auna ƙasar kowane gida da irin na'urar da na ambata, aka kankare ta sama, aka zuba a buhuna, aka binne a ramin da aka keɓe, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa, sannan aka sake aunawa. Garin Bagega bai sami wannan gyara ba sai 2013, saboda jinkirin kuɗi, yara kuma suna ta jira. A 2015 abin ya sake ɓulla a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Da fartanya da buhu aka yi aikin Zamfara, da hannun manoma irinka. Abin da aka ƙara musu shi ne horo da awo.

Masu cewa ba yanzu ba

Wani zai ce: muna fama da zazzaɓi, da tamowa, da rashin ruwan sha, ina mu ina maganar fenti? Gidajenmu ma na ƙasa ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma ka leƙa ko'ina. Gidan ƙasa ma yanzu ƙofarsa ta ƙarfe ce mai shuɗi ko kore. Ga gadon amarya, ga akwatin ƙarfe, ga amalanke. Ajin makaranta, ɗakin awon jarirai, masallaci da majami'a, kusan duk an shafa musu fentin mai daga ƙasa zuwa ƙugu, daidai inda hannun yaro yake kaiwa. Siminti yana ƙaruwa kowace shekara, fenti yana biye da shi. Kuma yaro mai tamowa shi dalma ta fi kamawa. Turai da Amurka sun shafa wa gidaje miliyoyi kafin su farga. Mu har yanzu da sauran dama, in mun fara da wuri.

Wani zai ce: takarda za ta ƙara tsadar aiki, ta hana talaka mai fenti cin abinci. Gaskiya ne aikin kirki ya fi tsada, akwai kuɗin leda, da na abin rufe hanci, da ƙarin kwana. Amma araha ba ta ado. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, gidan ne zai ɗauki nauyinsa har girma. Mai fentin kansa shi ne na farko da horon zai cece shi, domin shi yake shaƙar ƙurar kullum, shi yake kai ta gida a rigarsa. Abin da ya dace shi ne horon ya zama kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, a yi shi da Hausa da sauran harsunan ƙasa, jarrabawar kuma ta zama ta aikin hannu, don wanda bai yi boko ba kada a bar shi a baya.

Wani kuma zai ce: takarda a ƙasashenmu ai saye ake yi. Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma ba zan ce ƙarya ba ce. Takardar da aka saya ta fi rashin takarda muni, domin tana sa mai gida ya saki jiki. Shi ya sa nake cewa a kwaikwayi abin da yake bayan takardar: wanda ya koyar dabam, wanda ya jarraba dabam, wanda ya auna bayan aiki dabam, takardar tana da wa'adi, kuma ana iya ƙwace ta. Kai ma kana iya jarraba mai takarda. Ka tambaye shi yadda zai yi aikin. In bai ambaci fitar da yara ba, bai ambaci ruwa da leda ba, to takardarsa ado ce.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, a toshe rijiyar daga bakinta. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna kira ga kowace ƙasa ta kafa dokar cewa dalma a fenti kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, wato giram 90 a cikin kilo 1,000 na busasshen fenti. Kamaru ta kafa wannan doka a 2017, bayan gwaji ya nuna yawancin fentin mai da aka saya a kasuwanninta ya wuce wannan awo. Abu ne mai yiwuwa. Dā fetur ma ana sa masa dalma, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a 2006, duniya duka ta daina a 2021, motoci kuma ba su tsaya ba.

Na biyu, irin wannan doka tana duban gwangwanin da yake kanti ne. Wanda yake bango yana bukatar mutane masu horo. Makarantun koyon sana'a da suke koyar da gini, walda da kafinta su sa wannan darasi a cikin karatunsu. Ma'aikatan tsabta na gundumomi su zama masu dubawa. Na'urar awo tana da tsada, ba kowane gari zai mallaka ba, amma guda ɗaya a jiha tana iya zagaya makarantu da ɗakunan shan magani.

Na uku naku ne. In kana cikin kwamitin makaranta, ko na ɗakin shan magani, ko na wurin ibada, kada ku ba da kwangilar fenti sai kun rubuta a ciki cewa fenti mara dalma za a shafa, kuma ba za a gurza tsohon a bushe ba. Ku kai maganar gaban magajin gari da ɗan majalisarku. A cikin watan Oktoba kowace shekara, akwai mako na faɗakarwa a kan gubar dalma a duniya. Ku yi amfani da shi, ku nemi gidan rediyon garinku ya yi shiri. In kuma kai mai fenti ne, ku haɗu a ƙungiyarku ku nemi a kawo muku horon. Wanda ya riga samun takarda shi zai riga samun aikin makarantu da asibitoci.

Kafin mai takarda ya iso garinku

Ba za ka naɗe hannu kana jira ba. In za ka sayi fenti na cikin ɗaki, ka zaɓi na ruwa. In dole sai na mai, ka duba gwangwanin ko an rubuta «sans plomb» ko «lead free», wato babu dalma. Rubutun ba tabbaci ba ne ɗari bisa ɗari, amma ya fi gwangwanin da bai ce komai ba. Ka guji fentin mota da na ƙarfe a kan gadon yaro, kujera ko abin wasa. Gwangwanin fenti kada ya zama na ɗibar ruwa ko awon hatsi.

Tsohon fentin da bai tsage ba, ka bar shi, ka shafa mara dalma a kansa. Wanda yake zuba, ka nisanta yara da shi, ka jawo kaya ka tare wurin, ka kwashe ɓarɓashin da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka ƙona tsohon katako mai fenti a murhu.

Ke uwar gida, ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma. Ki wanke wa yaro hannu da sabulu kafin ya ci abinci da kafin ya kwanta. Ki shimfiɗa masa tabarma mai tsabta. Kada ki bar shi da yunwa, domin cikin da babu komai ya fi tsotse dalma. Wake, zogale, hanta, kifi, nono, lemo da garin ƴaƴan kuka suna taimaka wa jiki ya rage ɗaukarta. Ki sani kuma kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido, sau da yawa dalma ce mafi yawansa. Ki daina sa wa yaro. In kina da ciki, kada ki shiga ɗakin da ake kankare fenti, kada kuma ki wanke kayan aikin mai fenti tare da na yara.

In yaronku yana cin ɓarɓashin bango, ko an yi gyaran fenti a gida sai ya fara ciwon ciki, kasala ko jijjiga, ku kai shi asibiti da sauri. Ku gaya wa likita maganar fentin da bakinku, ku faɗi sana'ar mahaifinsa, ko fenti ce, ko walda, ko gyaran batir, ko haƙar zinariya. Da gwajin jini ake tabbatar da gubar dalma, likita kuwa ba zai nemi gwajin ba in ba a ba shi labari ba.

Ranar da mai fenti ya zo da wuƙarsa da samfefarsa, ka tare shi a ƙofa da fara'a, ka ba shi ruwa ya sha, sannan ka tambaye shi: malam, wa ya koya maka cire tsohon fenti, kuma ina yarana za su zauna har ka gama? In bai da amsa, ku zauna ku karanta wannan ɗan littafi tare kafin ya taɓa bangon.